Ɗaye Fata Da Sinadari: Magani Ne Ko Gudun Launi? Darasi Daga Gadarif

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif, garin riɗi da dawa, ta zama mafakar dubun dubatar mutanen da suka gudo daga Khartum, Wad Madani da Sinnar. Asibitocinta sun cika maƙil, ga kwalara da ta ɓulla a jihar a ƙarshen daminar 2023. Duk da wannan ƙunci kasuwar gyaran fata ba ta mutu ba. A Sudan an daɗe da sanin shagunan da ake kira "gadar zurufak", wato gwargwadon ƙarfinka, inda ake auna wa mace haɗin mai da cokali. Yanzu kuma ga abin da Larabawa ke kira taƙshir, ɗaye fata da sinadari. 'Yan'uwanmu Hausawan Gadarif, jikokin mahajjata da masu hijira, a cikin wannan kasuwa 'ya'yansu mata suke girma.

Yadda abin yake: ana shafa ruwan asid a fuska, ya ƙone fatar sama, bayan 'yan kwanaki ta saɓule, sabuwa ta fito. Akwai mai sauƙi, akwai matsakaici da ake kira TCA, akwai mai zurfi na finol wanda kan iya taɓa bugun zuciya. Likitocin fata suna amfani da shi wajen ƙuraje da tabo, bisa ma'auni. Amma baƙar fata ta fi saurin yin duhu ko dabbare-dabbare bayan ƙuna, balle a rana irin ta Gadarif. A Yuli 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da masu ƙarfinsa ba tare da kulawar ƙwararre ba. Mayukan bilicin da ake bi da su kuwa, wasu na ɗauke da makyuri mai lalata ƙoda, wasu da siteroyid mai sa fata ta yi sirara, ya kuma jawo nankarwa da hawan jini. Mu ma a gida ba mu tsira ba: a Fabrairun 2023, a Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta kira bilicin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa.

To me shari'a ta ce? Akwai ruwaya a Musnadin Imam Ahmad daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, mai tsine wa mai ɗaye fuska da wadda aka ɗaye wa, sai dai malaman hadisi sun raunata ta, don haka ba mu gina hukunci a kanta. Muna ginawa ne a kan ƙa'idar hana cuta da cutarwa, da hanin canza halittar Allah. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta gyaran aibi kamar tabon ƙuna, ta hana kawar da tamojin tsufa ta hanyar tiyata ko allura sai in ciwo ne. Saboda haka wadda ƙuraje suka ɓata wa fuska, ta je wurin likita, babu laifi. Wadda take so ta tsere wa launinta ko shekarunta a hannun mai shago, ta sayi cuta da kuɗinta, a garin da majinyata ke layin neman gado.

Amma kada mu ɗora wa mata duka laifin. Wane ne yake cewa shi sai fara? Wace uwar miji ce take kushe amarya don baƙa ce? A Sudan launi ya daɗe yana zama ma'aunin daraja, kuma Hausawan can sun ɗanɗana gorin asali. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah Ya sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa. Mai raina baƙar fata, ayar Allah yake rainawa.

Muna kira ga limamai su taɓo wannan a huɗuba, malaman Islamiyya su karantar da shi, samari kuma su gyara abin da suke nema wurin aure. Dilka da lalle sun isa ado.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya sa mu gode wa halittar da Ya yi mana. Wallahu a'alam.