A Bar Furotin Ya Yi Tafiyarsa Ba Rini

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu lulluɓe take da tantanin maiƙo wanda kaurinsa kusan nanomita 5 ne. A kan wannan tantani furotin ke haɗuwa da ɗan'uwansa, nan ƙwayar cuta ke neman ƙofar shiga, kuma fiye da rabin magungunan da likitoci ke rubutawa furotin ɗin da ke zaune a nan suke nufa. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya samo hanyar leƙa wurin da kyau ya cancanci mu san sunansa.

Shekara da shekaru, mai son ganin furotin guda sai ya liƙa masa rini mai ƙyalli. Ban raina wannan dabara ba. Furotin mai koren haske, GFP, shi ya jawo wa masana uku kyautar Nobel a 2008. Amma nauyinsa ya kai kilodalton 27, kuma wanda aka ɗora wa kaya ba lallai ya yi tafiyar da ya saba ba. Ga shi rinin yakan dushe a ƙarƙashin hasken leza tun ba a gama kallo ba.

A 2004 Vahid Sandoghdar da abokan aikinsa a Zurich suka fito da hanyar da ake kira iSCAT, wadda ba ta buƙatar rini. Ana haska gilashi, wani haske ya dawo daga fuskarsa, wani ɗan kaɗan ya tarwatso daga abin da ke kansa. Idan biyun suka gamu, sai ɗigo ya bayyana. A 2018 ɗakin binciken Philipp Kukura a Oxford ya nuna cewa duhun ɗigon yana tafiya daidai da nauyin furotin. Ke nan hasken ya zama sikeli.

Abin da ya fi burge ni ya zo a 2021. Mutanen Kukura suka bi furotin dynamin-1 yana yawo a kan tantanin da suka shimfiɗa a gilashi, suna gane inda biyu suka haɗu da inda suka zama huɗu ko shida. A Jamus kuma, ɗakin binciken Petra Schwille ya yi haka da MinD da MinE, waɗanda ke nuna wa bakteriyar E. coli inda za ta rabe biyu. Tsofaffin gwaje-gwaje matsakaicin miliyoyi suke bayarwa, alhali furotin da riƙonsa ba shi da ƙarfi, in ya taru da 'yan'uwansa, yakan kama ya ƙi saki. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai an ƙirga ɗaya bayan ɗaya ake ganin haka.

Hanyar tana da iyaka, kada a ɓoye. Tantanin da aka shimfiɗa a gilashi ba rayayyar ƙwaya ba ne, kuma furotin da bai kai kilodalton 30 ba yana wuyar gani.

Duk da haka ina da buri. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga jar ƙwayar jini ne ta hanyar kama furotin basigin da nata furotin RH5, kuma an riga an gwada rigakafin da aka gina kan RH5 a kan yara a Burkina Faso. Ina son masu wannan sikeli su juya shi kan wannan kamun, su ƙirga mana furotin nawa ke taruwa kafin ƙofar ta buɗe.