Hasken Rana: Ni'imar da Muke Bari Tana Tafiya a Banza

Kullum haske yakan baro rana, ya keto tazarar kilomita miliyan 150 cikin kimanin minti 8, ya sauka kan rufinmu ɗauke da makamashi. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowace murabba'in mita tana samun kusan wat 1,000. Faifan sola yana mayar da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na wannan makamashi zuwa lantarki.

Duk da haka, a masallatanmu ana ta neman taimakon kuɗin man janareta, ɗaliban Islamiyya suna muraja'a cikin duhu, alhali kwanon rufinsu ya wuni yana shan rana. Man da aka saya yau, gobe ya ƙone. Faifan kuwa yakan haura shekara 20 yana aiki.

A ganinmu, wannan babbar ƙofa ce ta sadaka mai gudana. Masu hali su ba da wakafin sola, kwamitocin masallatai kuma su riƙa ware kuɗin sauya batirin da ke adana wutar dare, domin shi ke riga faifan mutuwa. Amfani da ni'ima yana daga cikin godiyarta. Allah Ya sa mu dace.