Barin Taba da Ƙarin Ƙiba



Wani magidanci a nan Briqueterie ya tare ni bayan sallar Magariba. Ya ce ya bar taba tun azumi, amma yanzu rigunansa duk sun matse shi, har yana tunanin komawa. Na ce masa: "Malam, kada ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago."

Abin da ya same shi ba baƙon abu ba ne. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana danne sha'awar abinci, yana kuma sa jiki ya ƙona abin da aka ci da ɗan sauri. Idan aka daina, jiki sai ya koma tafiyarsa ta asali, harshe da hanci su farfaɗo, abinci ya ƙara daɗi, hannun da ya saba kai sigari baki kuma ya koma kai ƙosai da makala. Wani nazari da mujallar likitocin Ingila, BMJ, ta buga a 2012 ya nuna cewa masu dainawa suna ƙara kimanin kilo 4 zuwa 5 cikin shekara guda, galibinsa a watanni 3 na farko. Wasu ma ramewa suke yi.

To, wanne ya fi haɗari? Wani binciken da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa wanda ya bar taba haɗarin ciwon zuciyarsa yana raguwa, ko da ya yi ƙiba. Mai ciwon suga dai ya kamata ya nemi shawarar likita.

Maganin yana unguwarmu. A rage suga da madara a shayi. Tsiren dare, wanda mutanen Yawunde ke zuwa ci a wurinmu, a mai da shi na lokaci-lokaci. A riƙe asuwaki idan baki ya nemi abin taunawa. A taka da ƙafa zuwa masallacin Tsinga, tuddan garin nan sun isa motsa jiki. Ke kuma uwargida, ki yawaita ganye, ki rage mai, kada ki yi masa ba'ar tumbi.

Tela yana iya buɗa riga, amma babu mai ɗinka sabon huhu. Allah Ya ba mu lafiya da juriya.