Gyaran Gangar Auzinawa a Jikin Kumbon Apollo

'Yan'uwa ɗalibai, ba zan ɓata tawada a kan masu cewa haɗa ƙaramin samfurin kumbo wasan yara ne ba. Wanda bai taɓa zama da hantsaki da madubin ƙara girma yana liƙa eriyar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, a yi masa uzuri. Rigimata da 'yan gida ce, wato maginan samfuri waɗanda suka ɗauka cewa yawan tarkace a jikin kumbo shi ne gwaninta.

Ga yadda abin yake. Mutum zai sayi kwalin Eagle, kumbon da ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a duniyar wata a 1969, ya haɗa shi bisa ma'aunin 1 cikin 48, sai ya ga wani gefe fili fetal. Nan da nan ya jawo waya da guntayen roba, ya ƙirƙiro bututu da akwatunan da ba su taɓa wanzuwa ba, ya bi su da fenti mai kama da tsatsa. Tsatsa kuwa a wata, inda babu iska balle ruwan sama!

Asalin wannan ɗabi'a sananne ne. Masu shirya fim ɗin Star Wars na 1977 sun yi ta ɓalle sassan samfuran tankokin yaƙi da motoci suna mannawa a jikin jiragensu, domin ido ya ga girma da sarƙaƙiya. Ba su yi laifi ba, gama jirgin almara ba shi da asalin da za a ci amanarsa. Amma Eagle tarihi ne. Injiniyoyin kamfanin Grumman da suka ƙera shi sun shekara da shekaru suna faɗa da nauyi. Sun cire kujeru, 'yan sama jannati suka tuƙa shi a tsaye. Sun rage tagogi zuwa 'yan ƙanana masu kusurwa uku. Sun sirantar da bangon ɗakin har wani wurin kaurinsa bai wuce sulusin milimita ba. Ashe duk wanda ya ɗora wa wannan kumbo bututun ƙarya don ado, ya rushe ainihin abin da mutanen nan suka sha wahala a kansa.

Abin takaicin shi ne, ƙananan abubuwa na gaskiya suna nan birjik, kuma kowanne da dalilinsa. Dubi sandunan da ke rataye a ƙarƙashin ƙafafun kumbon, kowacce tsawon mita 1.7. Aikinsu su fara taɓa ƙasa, fitila ta kama a ciki, matuƙi ya san lokacin kashe inji ya yi. Ƙafafu huɗu ne, amma sanduna uku ne a Apollo 11, domin an cire ta ƙafar da tsani yake, gudun kada ta lanƙwashe ta tare wa mai saukowa hanya. A ma'aunin 1 cikin 48 sandar nan santimita uku da rabi ce kacal. Wanda ya sa uku ya karanta. Wanda ya sa huɗu don kumbon ya yi daidai-wa-daida ya nuna bai karanta ba.

Haka kuma rufin nan mai launin zinariya. Ba zinariya ba ce, falle-fallen roba ne masu siriri da aka shafa wa alminiyom don tare zafin rana da tsananin sanyi. Da gangan aka yamutsa su da hannu, saboda kada falle ya kwanta sosai a kan ɗan'uwansa zafi ya sami hanyar ratsawa. Don haka magini da ya yamutsa takardar cakulan ya liƙa ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya goge nasa sumul yana walƙiya kamar kwanon amarya.

Za a ce mini ai ido na son abin kallo, kuma kamfanoni da kansu suna zuzuta layuka a jikin roba. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. Rokar Saturn V ta haura mita 110. A ma'aunin 1 cikin 144 ta koma kimanin santimita 77. Tsagi mai faɗin rabin milimita a jikin wannan samfuri yana nufin rami mai faɗin fiye da santimita 7 a jikin tankin mai na gaske. Wace roka ce za ta tashi da irin wannan ɓaraka? Sau da yawa aikin gwani a nan cikewa ne da gogewa, ba ƙari ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne, akasarin masu zuwa baje kolin kimiyya ba za su taɓa ganin kumbo na gaske ba. Ƙafafun Eagle suna can a wata har yau. Yaron firamare da ya tsaya gaban teburinka, abin da ka gina shi ne shaidarsa. Idan ya tambaye ka amfanin wannan bututu ka yi shiru, ko ka ƙaga masa amsa, ka koya masa ƙarya da sunan kimiyya. Hotunan Apollo kuwa dubbai ne, hukumar NASA ta sake su kyauta a intanet. Kafin ka ɗiga gam a kan kowane guntu, nemo hoton da ya nuna shi a jikin wannan kumbon, na wannan tafiyar. In ba ka samu ba, mayar da shi cikin kwali.