Bincike Ya Fara Daga Tsakar Gida

Duk ɗalibin da ya kai matakin digiri na biyu a sashen Hausa ya sha karatun dabarun tattara bayanai: hira, da lura ta kai-tsaye, da takardar tambayoyi, da bin diddigin rubutattun takardu. Da waɗannan ne muke shiga garuruwan mutane, mu titsiye maƙera da masaƙa da makaɗa da tambayar asalinsu har kaka na biyar. Abin takaici, da yawa daga cikinmu ba za su iya faɗin sunan mahaifiyar kakarsu ba. Ra'ayina shi ne, ya kamata sassanmu su wajabta wa kowane ɗalibi ya gwada waɗannan dabaru a kan danginsa kafin a sake shi ya shiga gidan wani.

Littafin Baba of Karo ya isa hujja a kan abin da ke cikin kan tsohuwa guda. Mary Smith ta zauna da Baba a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta abin da ta faɗa, aka buga a 1954. Har yau manazarta na komawa gare shi don sanin aure da riƙo da bauta kafin zuwan Turawa. Irin Baba suna nan a gidajenmu, muna wuce su da gaisuwa kawai.

Na gwada a kan kakata ta wajen uwa, kuma darasin farko da na koya shi ne takardar tambayoyi ba ta da amfani a wannan fage. Kunya tana hana mace ambaton sunan mijinta da na ɗanta na fari, sai dai ta sakaya. Kalmar "baba" tana ɗaukar mahaifi da wansa da ƙanensa, "yaya" kuma tana ɗaukar wanda kuke ciki ɗaya da ɗan baffa. Wanda ya cike gurbi ba tare da warware wannan ba, zai haɗa ɗan riƙo da agola da ɗan cikin gida a reshe guda. Hira mai sassauci ce ta yi aiki, domin wasan da al'ada ta halatta tsakanin jika da kaka yana buɗe ƙofar da ke rufe tsakanin ɗa da mahaifi.

Darasi na biyu ya shafi shekaru. Tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi, don haka sai mai bincike ya tanadi jerin abubuwan da aka tabbatar da lokacinsu: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, kisan Sardauna a 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, da sauya fam da naira a 1973. Da kakata ta ce ta haifi autarta a shekarar canjin kuɗi, sai shekarar ta fito sarai. Daga nan sai a gwama zancen baka da shaidar takarda: rubutun ajami a bangon littattafan malamin gida, da rasit ɗin haraji, da takardar gona, da tsofaffin hotuna. Jan Vansina ya daɗe da jan hankali cewa ruwayar baka sai an auna ta da wata, kuma wannan ƙa'ida ba ta faɗuwa don mai ruwayar gwaggonka ce.

Akwai masu cewa ɗan gida ba ya iya adalci a kan gidansu. Gaskiya ne son zuciya yana nan, kowa yana so a ce kakansa malami ne ko basarake. Amma ɗalibin da ya ga yadda kawunsa ke ƙawata labari, shi ne zai gane irin wannan ado idan ya ji shi a bakin bare. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tonon asiri. Hira tana iya bankaɗo asalin bauta, ko sakin da aka binne, ko gonar da aka cinye wa marayu. Saboda haka dole a nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar murya, a kashe ta idan an ce a kashe, a kuma bambance abin da za a adana da wanda za a wallafa. Zumunci ya fi kundi daraja.

Amfanin aikin ya wuce cika sharaɗin darasi. A dangin da auren zumunci ya yawaita, jera waɗanda suka rasu da ƙuruciya da irin ciwon da suka yi yana iya nuna bukatar gwajin sikila kafin a ɗaura wani auren. Salsalar da aka tantance tana rage gardama ranar rabon gado. Tana kuma iya gano reshen da fataucin goro ya kai Salaga a Ghana, ko wanda ya tafi hajji a ƙasa ya zauna a Mai Wurno ta Sudan.

Shawarata ga sassan Hausa ita ce a sanya wannan a matsayin aikin zango: hira da dattawa uku, mace aƙalla guda a cikinsu, da zanen salsala, da taƙaitaccen bayani a kan inda ruwayoyin suka saɓa. Kakata ta rasu kafin mu yi zama na huɗu, tambayoyin da na tanadar mata kuma har yanzu ban sami mai amsa su ba.