Takobin Kokawar Nijar da Kuɗin Bukukuwanmu

Duk lokacin da aka ji gwamnati ta ware kuɗi don wani babban taro na ƙasa, wasanni ne ko bikin al'adu, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a: ana neman abin ɗorawa a murhu, su kuwa suna shirin kaɗe-kaɗe. Ban ga laifin mai faɗin haka ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, magidanci a Najeriya sai ya juya naira sau biyu kafin ya rabu da ita, yana kuwa da ikon ya nemi gwamnati ta yi irin wannan taka-tsantsan. Duk da haka ra'ayina shi ne gwamnati ta ci gaba da ɗaukar nauyin waɗannan taruka, da sharaɗin ta koyi yadda ake yinsu. Inda za ta koya ma babu nisa, tsallaken iyaka ne.

A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawar gargajiya ta ƙasa a Nijar, a garin Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko, kyautar da ake ba zakaran gasar. Tun daga nan gasar take zagayawa jiha-jiha kusan kowace shekara. Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowacce tana kawo 'yan kokawa goma, da makaɗanta da masu kirarinta. Kwana kusan goma ana kaye, gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna watsawa kai tsaye. Mu da muke Katsina, kusa da iyaka, mun san lokacin ya zo ne idan muka ji teburin mai shayi ya rabu biyu, wasu na Maraɗi, wasu na Isaka Isaka, ɗan kokawar Doso, ana musu kamar da kuɗinsu aka shirya gasar.

Abin da Nijar ta saya da kuɗin nan yana da wuyar samu a kasuwa. Bazabarme da Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafulatani suna zura ido kan fili ɗaya a lokaci ɗaya, suna jin sunayen garuruwan juna, suna sanin jaruman juna. Yaron Difa da bai taɓa taka Tilaberi ba ya san akwai ta, ya san wanda take taƙama da shi. Wasan kuwa na talaka ne tun asali. Manomi ne ke yinsa bayan kaka, babu wanda sai an yi masa bayanin dokokinsa. Gwamnati ba ta ƙirƙiro shi ba, ta tarar da shi ne a dandali, ta gina masa fili, ta sa masa rana.

Mu ma mun taɓa fahimtar wannan. Shekara uku bayan ƙare yaƙin basasa, a 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta buɗe Gasar Wasanni ta Ƙasa a Legas, a shekarar da aka kafa hukumar yi wa ƙasa hidima, duka da niyyar matasan da yaƙi ya raba su sake haɗuwa. Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar a 1977, ta sake karɓa a 2009. Har dambe da kokawa da langa an shigar cikinta. Sai dai gasar da aka ce za a riƙa yi duk bayan shekara biyu ta koma sai yadda hali ya yi. Bayan ta Legas a 2012, ba a sake yin wata ba sai 2018 a Abuja, domin jihar Kuros Riba da aka ba wa ta kasa shiryawa. Ta jihar Edo da aka tsara a 2020, annobar korona ta tura ta 2021, ana tsakiyar yinta kuma masu masaukin suka yi barazanar dakatar da ita saboda kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari bai iso ba. Shekara shida babu gasa, daga 2012 zuwa 2018, ai ƙuruciyar ɗan tsere ce ta wuce a banza.

Haka Bikin Kamun Kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, a daidai lokacin da ya shafe shekaru ba a yinsa, sai a 2020 ya dawo.

Idan kuma muka tashi kashe kuɗi, sai mu kashe na bajinta. Domin bikin al'adu na FESTAC na 1977 an gina Babban Ɗakin Wasan Kwaikwayo na Iganmu da rukunin gidaje guda a Legas, an yi gagarumin hawan daba a Kaduna, an gina otal ɗin Durbar domin baƙi. Otal ɗin ya yi shekaru a yashe kafin a rushe shi a 2020. Biki ɗaya mai tsada yana barin labari, amma sabo tsakanin mutane sai da maimaici yake ƙulluwa.

Wasu na cewa a bar wa kamfanoni su ɗauki nauyi. Su taimaka, ba laifi, a manna sunayensu a jikin allo. Sai dai ɗan kasuwa inda ciniki yake nan yake zuwa. Idan aka sakar masa ragama, komai a Legas da Abuja zai ƙare, babu mai tunawa da Damaturu ko Jalingo. Aljihun gwamnati ne kaɗai zai iya kai taro inda babu riba, can ne kuwa aka fi bukatar mutane su ji ana yi da su.

Don haka abin da nake nema ba shi da yawa. A kafa wa Gasar Wasanni ta Ƙasa rana a doka, a sa kuɗinta cikin kasafi, a sake su kafin lokaci. A riƙa zagayawa da ita shiyya-shiyya, ko da jihar da layi ya zo kanta ba ta da ƙarfin gina katafaren fili. A fara biyan 'yan wasa da makaɗa da mahaya haƙƙinsu kafin a biya kuɗin otal ɗin manyan baƙi. Bayan an watse kuma, a buga lissafin abin da aka kashe a jarida, kwabo-kwabo. Gwamnatin da ta cika waɗannan za ta iya kallon talaka ta ce masa kuɗinsa ne ta kashe, kuma dominsa. Wadda ta ƙi, ta daina kiran abin da take yi bikin ƙasa.