Mas'alar Wutar Lantarki: Hanya Biyu Ba Su Isar Arewa

Ba a auna amincin wutar lantarki da yawan abin da injuna ke bayarwa kaɗai. Abin dubawa na farko shi ne hanyoyin da take bi ta isa gari: guda nawa ne, kuma in ɗaya ta yanke, sauran za su iya ɗaukar kayanta?

Dalili kuwa, wutar babban layi ba a tara ta a rumbu kamar gero. Abin da tasha ta bayar, a sa'ar nan ake shanye shi. In babbar waya ta katse, nauyinta sai ya koma kan 'yar'uwarta. In ita ma ta gaza, sai injuna su tsaya da kansu don kada su ƙone, garuruwa su shiga duhu.

Mafi yawan wutar Nijeriya daga tashoshin gas na Kudu take fitowa, saura kuwa daga madatsan ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Manyan hanyoyi biyu ke kawo ta Kaduna da Kano da Arewa maso Gabas: ɗaya daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya daga Inugu ta Makurɗi zuwa Jos.

A 2024 maɓarnata suka lalata turakun hanyar Shiroro, ma'aikata kuwa suka kasa shiga daji gyara saboda 'yan bindiga. Arewa ta rataya ga igiya guda. Ran 21 ga Oktoba hanyar Makurɗi ta ɗauke, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda ba wuta. Masu niƙa da teloli da masu ƙanƙara suka koma janareta, mai ya cinye riba, alhali kuwa ruwan Shiroro bai ƙafe ba.

Maiduguri ta riga kowa ɗanɗana wannan. A Janairun 2021 aka fasa turakun hanyar Damaturu, aka gyara, aka sake fasawa. A 2023 aka buɗe mata tashar gas ta kanta mai megawat 50.

Saboda haka sharuɗɗan aminci uku ne. Na farko, kowane babban gari ya sami hanya fiye da ɗaya, kuma kada su ratsa daji guda. Na biyu, a tsare turaku kamar yadda ake tsare hanyar ayari, da hannun sarakuna da mutanen ƙauyukan da waya ta ratsa. Na uku, a kafa tashoshi kusa da masu sha. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon haka, ga kuma rana wadatacciya a ƙasar Hausa.

Farke mai hankali ba ya zuba dukan hajarsa a hanya guda. Lalle ya kamata 'yan kasuwa su tambayi gwamnoninsu wace hanya ta uku aka tanada kafin waya ta sake katsewa.